Aikinmu a Daren da Ake Haska Fim Karo na Farko

Kamfanina ƙarami ne, kuma abu ɗaya ya sa a gaba. Idan za a haska sabon fim karo na farko, ko mawaƙi zai ƙaddamar da sabon kundin waƙoƙinsa, mu ake kira mu kafa allo da majigi, mu jera lasifikoki, mu ɗaura fitilu. Wani lokaci a gidan sinima ake bikin, sai mu haɗa hannu da ma'aikatan gidan. Sau da yawa kuma ɗakin taro ake kamawa wanda ba don kallo aka gina shi ba, a ce mu mayar da shi sinima na dare ɗaya. Ni da yarana mu ne farkon isa wurin, mu ne kuma na ƙarshen fita.

Kusan duk furodusan da ya zo wurina da maganar jan kafet yake farawa: tsawonsa nawa, ina masu hoto za su tsaya, wane allon talla za a kafa a bayan jarumai. Ba na ganin laifinsa. Tun 1922, lokacin da Sid Grauman ya buɗe gidan sinimarsa na Egyptian Theatre a Holiwud da gagarumin biki, aka saba cewa daren farko dare ne na ado da walƙiyar kyamara. Matakala 24 ɗin nan da taurari ke hawa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, wanda aka fara a 1946, ta fi da yawa daga fina-finan da aka nuna a can shahara. Ni ma ina son wannan ɓangaren, kuma muna yi masa aiki da gaske. Fitila daga gaba take zuwa, sama kaɗan da kan mutum, domin idan ta sauko daga tsakar ka sai inuwa ta taru a ƙarƙashin idanu, jarumar da ta wuni tana kwalliya ta fito a hoto kamar mai jinya. Allon baya kuma ba ma yarda da mai sheƙi, saboda yana mayar wa kyamara da haskenta ya ɓata hoton.

Sai dai idan mun gama wannan magana nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, kafet na minti arba'in ne. Fim ɗin kuwa awa biyu za a zauna ana kallonsa, kuma shi ne abin da ka zuba dukiyarka a kai. Ka ba ni ɗakin tun jajibiri." A nan muke yawan jan magana, don kama ɗaki na ƙarin kwana ƙarin kashe kuɗi ne, ga shi a daidai lokacin aljihun furodusa ya riga ya sha wuya. Ni kuwa ba na sassautawa a kan wannan, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke cin wannan kwanan shi ne gwaji. Yawancin gidajen sinima na yanzu ba sa amfani da faifan fim na naɗi. Fim yana zuwa ne a matsayin tarin fayil da ake kira DCP, mai nauyin gaske, wanda kwafe shi kawai zuwa cikin na'ura kan ci lokaci mai tsawo. Idan an kulle shi don gudun sata, sai an turo makullinsa daban, wato KDM. Wannan makulli na na'ura ɗaya tak ake yanka shi, da lambarta, kuma yana da lokacin da zai fara aiki da lokacin da zai mutu. Na taɓa ganin makullin da aka yanka a wata ƙasa aka lissafa shi da agogon can, ya zama ba zai buɗe ba sai bayan lokacin da aka rubuta a katin gayyata. Da yake tun jajibiri aka gano, kira ɗaya ya wadatar aka turo sabo. Shi ya sa kullum nake neman makullin ya fara aiki kwana ɗaya kafin biki, ya kuma wuce shi da kwana ɗaya.

Bayan makulli sai siffar hoto. Yawancin fina-finai ɗaya daga cikin biyu ne, 1.85 ko 2.39, wato faɗin hoton idan aka auna shi da tsayinsa. Saita majigi a kan wadda ba ita ba kan yanke kawunan mutane ko ya cinye rubutun fassara na ƙasa. Sai saurin hoto: ƙa'idar sinima hoto 24 ne a sakan ɗaya, amma wanda aka shirya don talabijin yakan zo da 25, kuma dole a san da wanne aka tace fim ɗin kafin a danna komai. Haske ma akwai ma'auninsa. Mai ɗaukar hoto ya ɓata lokaci yana tsara duhun wani fage don ya kasance ana ganin fuska daga gefe ɗaya kawai, idan majigi ya yi rauni ko fitilar ƙofa tana zuba a kan allo, duk wannan wahala ta tafi a banza. Saboda haka nake so darakta da mai ɗaukar hoto su zo gwajin da kansu, su zauna a tsakiya, su ce mini haka suka bar shi ko ba haka ba.

Sauti ne ya fi cin raina a sana'ar nan. Mutane na yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma da zarar sun daina jin abin da jarumi ke faɗa, sai ka ga wayoyi sun fara haske a cikin ɗaki. A sinima ta gaskiya allon yana da ƙananan huji da ido ba ya gani daga kujera, kuma akwai lasifika a bayansa, a tsakiya, wadda ita ke ɗauke da magana, don murya ta fito daga inda bakin yake. Masu kafa lasifika biyu kacal, dama da hagu, suna jefa na gefe cikin wahala, domin kiɗa ne zai danne musu zance. A na'urar Dolby mai sarrafa sautin sinima, a ma'aunin ƙarfin sauti akwai lamba 7, ita ce matakin da ake haɗa sautin fim a kai, ko da yake gidaje da yawa suna rage ta. Ni daga 7 nake farawa, sannan in bi ɗakin kusurwa-kusurwa ina saurare.

Wani abin da sai an daɗe a aikin ake gane shi: ɗakin da babu kowa da ɗakin da ya cika ba sauti ɗaya suke bayarwa ba. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye amo. Abin da ka daidaita da rana ya yi daidai, da dare sai ya koma ƙasa-ƙasa. Don haka yarona ɗaya ba ya barin teburin sauti a minti goman farko. Idan ɗakin dogo ne kuma, akwai lissafi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, wato na zaune a mita 34 daga allo yana jin magana a makare da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Idan muka ƙara lasifika a tsakiyar ɗaki don na baya, dole mu jinkirta ta daidai da nisanta, in ba haka ba kowace kalma sau biyu za ta iso kunne.

Ƙaddamar da kundin waƙa ya fi sauƙin kaya, amma ya fi tsananin tsaro. Tun watan Yuli na 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi, bayan a da Amurka na saki ranar Talata, Ingila kuma Litinin, ɓarayin fasaha suna cin gajiyar tazarar. Wannan ya sa bikin saurare kan faɗo daren Alhamis, kuma mawaƙi na cikin fargabar kada wani ya naɗa da waya ya riga shi fitarwa. Wasu kan sa a rufe wayoyin baƙi a jaka tun daga ƙofa. Abin da ni nake roƙo shi ne a ba ni asalin fayil ɗin da ya fito daga situdiyo. Wanda aka tura ta manhajar hira an matse shi, a waya ba za ka lura ba, amma manyan lasifikoki ba sa rufa masa asiri.

Idan dare ya yi, shawarata ga masu biki ita ce a taƙaita jawabi kafin kallo, a bar godiya mai tsawo sai an gama. Da an kashe fitila ni ba allo nake kallo ba, na riga na gan shi jiya. Mutane nake kallo. Akwai lokacin da ɗaki duka zai fashe da dariya a wurin da marubuci ya yi fatan a yi, sai ka ga darakta ya saki kafaɗunsa ya jingina. Akwai kuma wurin da zai yi tsit har ka ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Wata dattijuwa ta taɓa kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, kai ne mai na'urar? Allah ya yi maka albarka, na ji muryar 'yata tangaram." Ashe 'yar tata layi uku kawai ta faɗa a fim ɗin.

Sharaɗi ɗaya nake rubutawa a kowace yarjejeniya: ba za mu kunna fitilar ɗaki ba sai sunan ƙarshe ya wuce a allo. Masu riƙe makirufo, masu ɗinkin kaya, direbobi, masu tace hoto, yawancinsu ba wanda zai tsayar da su a kan kafet ya ɗauke su hoto, kuma sun zo da iyayensu da matansu don wannan jerin sunayen. Nakan kuma nemi a ware musu kujeru masu kyau tun kafin manyan baƙi su cika gaba. Wasu furodusoshin sukan so a yanke don a yi saurin hawa dandamali, ni kuma in nuna musu takardar da suka sa wa hannu.

Bayan an watse, kafin mu naɗe waya ko ɗaya, nakan kira furodusa ko wakilinsa ya tsaya a kan na'ura. A gabansa muke goge fim ɗin, mu miƙa masa ma'ajiyarsa hannu da hannu, ya sa hannu cewa ya karɓa, sannan yara su fara sauke lasifikoki.