Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Shekarar da muka jira aiki na biyu

Makon jiya na tsaya a inda aka fito mana da ɗana Abba, wanda aka haifa ba dubura, daga ɗakin tiyata a Kano, tun ba a yi suna ba, an huda masa ciki ta gefen hagu don kashi ya samu hanya. Kafin in wuce nan sai na koma kan maganar Yaya, wan mijina. Da mijina Malam ya bugo waya gida ya ce a kai sa ɗaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis a sayar saboda kuɗin asibiti, Yaya cewa ya yi a gaban Inna da matan gida: "Ba a raba shanun huɗa saboda jinjirin da ko suna bai kai ba." Ban ji da kunnena ba, ina asibiti. Facalata, matarsa ta ciki, ita ta kawo mini, kuma har yau bai musa ba.

Ban ce Yaya bai san noma ba. Daminar 2021 ta kawo kai, gandu ba a raba ba, sa ɗaya kuma ba ya jan garma. Inna ce ta tsawatar aka sayar. A shekarar sai da aka yi hayar shanu, riɗinmu ya makara, kuma duk wanda ya yi maganar makarar sai ya kalli ƙofar ɗakina.

Shi Yaya wanzami ya so a kira tun farko, wai a tsaga wurin a huta. Likita ya zana mana abin a takarda. Hanjin bai sauko ba, can sama ya tsaya, ya ɓulle ta wata siririyar kafa zuwa hanyar fitsari, shi ya sa muka ga baƙin kashi a fitsarin yaron. Akwai kuma naman da ke riƙe kashi, dole a bi da hanjin ta tsakiyarsa daidai. In aka yanka naman nan da aska, yaro zai girma yana zubar da kashi ba da saninsa ba. Ya ce ana samun mai irin wannan kusan ɗaya cikin haihuwa 5,000, kuma aiki uku ne: na ciki da aka yi, na buɗe dubura, sai na mayar da hanji a rufe cikin. Aka duba masa ƙoda da zuciya da ƙashin baya, don lalurar takan zo da 'yan rakiya. Allah Ya tsare shi daga waɗannan.

Mutane suna jin tiyata sai su zaci can wahalar take. A gida take. Akwai jakar da ake mannawa a bakin hanjin, amma tsadarta ta fi ƙarfinmu, mai kemis ɗin garinmu ma bai taɓa ganinta ba. Zannuwan aurena na yayyaga ina naɗa masa a ciki. Kashin wurin ba ya sallama, ba ya jira, don haka igiyar shanyata ba ta taɓa zama wayam ba, ga ruwa sai an je tuƙa-tuƙa. Fatar gefen ta saluɓe ta yi jawur, in na taɓa sai ya ƙanƙame jiki. Wata nas ce ta koya mini in wanke da ruwan ɗumi, in bari ya sha iska, in laɓta mai da kauri kafin in naɗa. Inna kuwa abin da ya dame ta shi ne ban yi wankan jego yadda ya kamata ba. Har gobe in na ce bayana na ciwo, can take kai maganar.

Na daina zuwa biki da suna. Ba wadda ta kore ni, amma ina ganin yadda ake miƙa jariran wasu hannu zuwa hannu, nawa kuma daga nesa ake masa wasa.

Daren da ba na mantawa shi ne wanda ya yi ta kuka da tari, na kwance tsumman na ga hanjin ya zazzago waje, ja, ya kai tsawon yatsana. An taɓa gargaɗina cewa hakan na faruwa, a rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa, a kawo shi. Sanin bai hana ƙafafuna rawa ba. Malam ya tashi mai babur muka tafi Gumel, daga can aka tura mu Kano, muka bi motar asuba ta Gujungu har 'Yan Kaba ina riƙe da cikin yaron. Likita ya mayar da hanjin a hankali da hannunsa, ya ce da ya yi baƙi da labari ya sha bamban. Da muka dawo, Yaya ya zo sannu, daga zaure ya ce wa Malam, "Ai dama." Kalma biyu, amma maganar sayar da san nan ce ya maimaita.

Aiki na biyu ya yi ta ja da baya. Likitoci suka shiga yajin aiki daga Agusta zuwa farkon Oktoba na 2021, layi ya taru. Da aka kira mu aka yi hoton hanjin, sai gwaji ya nuna jininsa bai kai ba. Bakin hanjin yakan ɗan yi jini in tsumma ya goge shi, ga zazzaɓin cizon sauro ya kama shi da kaka. Aka ba mu maganin ƙarin jini, aka ce mu koma gida. Sai gudawa. Ita ce na fi tsoro, don ruwan jikinsa nan da nan yake ƙarewa, maɗigarsa ta faɗa. Ruwan gishiri da sukari ba ya yankewa a ɗakina.

Na tuna ma, a Sallar bara Yaya ya ba Abba 'yar akuya, yana ce masa "babana" tunda sunan mahaifinsu ya ci. Malam ya ji daɗi, ya ce in bar tone-tone. Na karɓa, na yi godiya kamar yadda aka koya mini a gidanmu. Amma jinjirin da ko suna bai kai ba, yau shi ke bin Yaya gona yana riƙe masa buta, kuma ban taɓa jin ya ce wa kowa ya yi kuskure ba.

Da aka sake ba mu rana bayan ƙaramar Sallar 2022, na ce wa Malam ko zangarniya ɗaya ta gandu kada ya nema. Tumakina biyu na bayar aka sayar, na ɗauki adashina, ƙanena ya biyo mu Kano ya ba da jini. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aikin ya kasance, da ƙarfen da aka damƙa mini in riƙa sa masa safe da yamma don kada sabuwar hanyar ta tsuke.