Tsumman da Ake Ɗaurewa a Shoka

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a kan benci a bakin garejina a Tudun Wada, sai na hango yaron da aka kawo mana koyon aiki wata bakwai da suka wuce ya buɗe shokar gaba ta wata Boxer. A hannunsa akwai gorar ruwa da aka yanke wa kai, cike da man giya, mai kaurin nan lamba 90, yana tuttulawa a cikin sandar babu awo. A kafaɗarsa ga wani tsumma da ya yaga gida biyu. Waya na aljihunsa tana ta kiɗa.

Na ce, "Kai, me za ka yi da tsumman nan?"

Ya ce, "Baba, a bakin sil zan ɗaure. Mai mashin ɗin ya ce ba shi da kuɗin sabo, a lallaɓa masa zuwa ƙarshen wata." Sil shi ne zoben robar da ke hana man shoka fitowa.

Na daka masa tsawar da sai da mai facin da ke gefenmu ya ɗago kai. Yaron ya ajiye gorar yana kallona, bai san laifinsa ba. Kuma da gaskiyarsa, domin ba wanda ya taɓa gaya masa. Ni da ya kamata in gaya masa, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da maganar a ciki.

Lokacin ina saurayin bakanike, ban daɗe da samun 'yanci daga hannun maigidana ba, zamanin da Jincheng ta cika Zariya, duk inda ka waiga 'yan acaɓa ne da hayaƙin tu-sitirok. Akwai wani bawan Allah da yake kawo mini mashin, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu. Mashin ɗin ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum da daddare. Wata safiya cikin damina ya zo, shokar gaba ta ɓangaren birki tana zubar da mai, har ya gangaro ya yi baƙin layi a jikin bututun ƙasa. Ya ce kuma idan ya faɗa rami yana jin ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Na share sandar da hannun rigata, na bi ta da farce. Har yau ina jin yadda farcena ya maƙale. Ƙananan ramuka ne na tsatsa guda uku ko huɗu, kamar an soka allura, daidai wurin da sil yake hawa da sauka. Na san abin da hakan ke nufi. Kowane ramin nan bakinsa kaifi ne da shi, duk sil ɗin da ka saka, ko na kamfani ne, zai yanka leɓensa cikin 'yan kwanaki. Gyaran gaskiya shi ne sabuwar sanda, sabon sil, da man shoka daidai awo. Na gaya masa kuɗin. Ya yi shiru, ya ce, "Oga, ka rufa mini asiri, ka lallaɓa mini. In na yi kasuwar Giwa sau biyu zan dawo."

Sai na lallaɓa. Na zuba man giya don kaurinsa ya rage yoyon, na ƙara fiye da ƙima don ƙarar bugun ta ɓace, na jefa notuna biyu a kan sufirin don gaban ya ɗaga, na ɗaure tsumma a bakin sil na ja robar ƙura na rufe. Ya danna gaban mashin ɗin ya ji tauri, ya yi murmushi, ya sa mini albarka.

Ina so mai karatu ya fahimci abin da na aikata, don ba kowa ya san cikin shoka ba. Sufirin shi ke ɗaukar nauyi, amma sufirin kaɗai in ka danna shi tsalle zai yi ta yi. Man da ke ciki shi ke ladabtar da shi: duk lokacin da shoka ta nutse ko ta taso, dole man ya bi ta wasu ƙananan huji a jikin wani ƙarfe da ke ƙasa, wannan matsatsin shi ke kashe tsallen. An auna hujin ne da mai marar kauri, irin wanda ake rubuta wa 10W. In ka zuba mai kauri, shokar za ta nutse amma ba za ta taso da wuri ba. A kan gargada, kafin ta dawo daga bugun farko na biyu ya same ta, sai ta yi ta dunƙulewa, taya ta riƙa tsallake ƙasa maimakon ta bi ta. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta da birki, ba ta da kwana. In kuma ka cika man, ka cinye gurbin iskar da ake bari a sama, duk matsin sai ya koma kan sil ɗin da dama ya mutu. Tsumman shi ne mafi muni. Ba ya tsayar da mai, tsotsewa yake yi har ya ƙoshi sannan ya riƙa ɗiga, yana tara yashi yana goge sandar da shi, kuma ya ɓoye wa mai mashin abin da idonsa ya kamata ya riƙa gani kowace safiya.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Yana dawowa daga Giwa da buhun masara mai kilo 100 a baya, ya wuce Shika, wata mota ta tsaya a gabansa ba zato. Ya damƙi birkin gaba, mashin ɗin bai ko rage gudu ba. Ƙafarsa ta dama ta karye a cinya. Da aka kawo mini mashin ɗin a bayan a-kori-kura, ni kaɗai na buɗe birkin gaban bayan kowa ya tashi. Shu ɗin, wato abin da ke damƙar taya daga ciki ya tsayar da ita, ya jiƙe sharkaf da man giya, warinsa ban manta ba. Na wanke da fetur, na jefa tsumman a kwata, ban gaya wa kowa ba.

Na daɗe ina ba kaina hujja, kuma wasu hujjojin har gobe ban ce ƙarya ba ne. Shi ya roƙe ni. Na gaya masa kuɗin gyaran gaskiya, shi ya ce ba shi da su. Haka na ga maigidana yana yi, haka ake yi daga Sabon Gari har Kwangila, kuma dubban mashina sun yi yawo da tsumma ba abin da ya same su. Da na ƙi, da ya tura mashin ɗin gareji na gaba an yi masa abin da na yi. Buhun da ya ɗauka ma ya kusa nauyin mashin ɗin kansa, wa ya ce birkin kirki zai tsayar da shi? Sannan ƙaddara ba ta wuce ranarta. Duk na faɗa wa kaina wannan. Amma akwai abu ɗaya da ban taɓa samun amsarsa ba: na gaya masa kuɗi, ban gaya masa haɗari ba. Ban ce masa man nan zai iya sauka kan birkinka ba. Na sani, ban faɗa ba, saboda ina tsoron ya fasa aikin, ni kuma ranar amaryata tana jiran cefane. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta gajarce. Mutumin yana nan da rai, yana sayar da kayan miya, in na wuce shi yake fara gaishe ni, har ya tambayi iyali. Bai taɓa zargina ba.

Ba wannan kaɗai ba ne. Akwai wani malamin makaranta daga Samaru da ya zo yana kukan bayan mashin ɗinsa na rawa in ya shiga kwana. Ban ko hau ba na ce shokar baya ce, ya sayi sababbi biyu. Bayan mako ya dawo, rawar tana nan. Sai a lokacin na ɗaga mashin ɗin na kama tayar baya na girgiza ta hagu da dama, na ji ƙarfen da ke riƙe da ita yana wasa a gindinsa. Bushin ne ya cinye, abin da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na shokar ba. Na canza, na karɓi kuɗin aiki karo na biyu, na bar shi yana zaton duka biyun ne suka lalace. Wannan ba talauci ba ne, girman kai ne, na kasa cewa na yi kuskure a gaban mai ilimin boko.

Da na zauna rubuta wannan na yi niyyar jero wa matasan makanikai nasihohi goma sha wani abu. Da na tace su sai na ga yawancinsu abu ɗaya ne: ku duba kafin ku kwance. Rabin abin da ake kawowa da sunan shoka ba shoka ba ce. Fara da iskar taya, da geji, ba da yatsa ba. Kafa mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, a danne baya gaban ya tashi, ka juya kan a hankali daga dama zuwa hagu. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa wani gurbi, boris ɗin wuya ne. Kama ƙafafun shokar ka ja gaba ka tura baya, in ka ji ƙas-ƙas, wuyan ne ya saki, kuma shi ne ƙarar da direba yake ji in ya taka birki ya rantse shoka ce. Girgiza kowace taya don boris ɗinta, bi wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka sauke mashin, ka riƙe birki ka danna gaban da ƙarfi ka saki. Lafiyayyiyar shoka sau ɗaya take tasowa ta tsaya. In ta yi ta lilo, mai ya ƙare ko ya mutu. In ta taso da ƙyar ko ta cije a hanya, ko dai an zuba mai kauri, ko sanda ta lanƙwashe. Cire sandar ka mirgina ta a kan gilashi, in da lanƙwasa za ka ga haske yana shiga ta ƙasa. Duk wannan, ban da cire sandar, bai kai minti goma ba. Amma yaran yanzu minti goma ba tare da sun duba waya ba azaba ce. Sun ga wani bature a bidiyo ya kwance shoka a minti uku, sun ɗauka sun iya. Wata shida suna neman a yaye su, alhali ko sufirin biyu ba su taɓa jerawa a ƙasa sun gwada tsawonsu ba.

Mai kuma a auna shi. Ƙaramin mashin kowace ƙafa ba ta cin ko rabin kwalbar lemo, kuma dole ƙafa biyun su zo daidai. Sirinji babba ta kemis ta isa. In babu man shoka, jan man nan na giyar mota mai sarrafa kanta ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba. Shokar baya mai tsani biyar, duka biyun a mataki ɗaya za a sa su, kuma in ɗaya ta mutu biyu ake canzawa. Masu ƙara shoka ta uku da ta huɗu da walda don ɗaukar buhu biyu, nauyin bai tafi ko'ina ba, kan firam ya koma, kuma na ga firam ɗin da ya tsage a wurin waldar.

Na ƙarshe, kada ka lallaɓa abin da ke kusa da birki. Ka ce ba za ka yi ba, ko zai zage ka, ko za ka kwana da yunwa.

To amma ina rubuta wannan ina tuna cewa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, ɗan acaɓa yana wuni a rana abin da zai kai gida bai taka kara ya karya ba. In ka kore shi ina za shi? Wurin wanda zai ɗaure masa tsumma ba tare da ya ko shafa sandar ba. Don haka kada ka kore shi. In ramukan tsatsar ƙanana ne, goge bakinsu da sanfefa mafi laushi da ɗan mai har farce ya daina kamawa, ka saka sabon sil, ka zuba man da ya dace, ka gaya masa wannan na ɗan lokaci ne, ya riƙa shafa sandar da yatsa kullum da safe, ranar da ya ga danshi ya ajiye mashin. Na san wannan ma lallaɓawa ce, na kuma san yanzu na gama cewa kada a yi. Abin da na tabbata da shi kawai shi ne ka buɗe baki ka ambaci birki, da sunansa, a gaban mutane, kafin ka taɓa sifana.

Yaron nan na sa shi ya juye man giyar, ya wanke cikin bututun da kananzir sau uku. Na kama yatsansa na bi da farcensa a kan sandar har ya maƙale, na ce, "Ka ji?" Ya ce ya ji. Ban sani ba ko ya ji ɗin, domin ina juya baya na gan shi ya zaro waya. Ramukan wannan sandar sun yi zurfin da sanfefa ba za ta yi musu komai ba. Mashin ɗin yana nan a kafe a cikin gareji, gabansa a kan bulo, kwana uku ke nan. Mai shi ya zo jiya da yamma ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, yara ba su ci ba." Na ba shi abin da ke aljihuna, na ce ya dawo ranar Asabar, zan zaga Sabon Gari in ga ko za a samu sanda ta hannu mai lafiya.