Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Watannina na Farko a Alƙahira

A kashin da ya gabata na tsaya ne a inda na yi sallama da mahaifiyata a Katsina, na kwana a Kano, sannan na hau jirgin Masar a watan Oktoba na shekarar 2016. Yau zan ba da labarin saukata da yadda zama ya fara daidaita, kuma mai karatu zai lura cewa abin da na yi da ƙarfin kaina a waɗannan watanni kaɗan ne ƙwarai, domin hannu ne ya riƙa miƙa ni ga hannu tun daga filin jirgi har zuwa gaban malami.

Wanda ya tarbe ni ɗan unguwarmu ne da ya riga ni zuwa da shekaru, yana karatu a kulliyar Shari'a ta Jami'ar Azhar. A gida ba mu yi wata shaƙuwa ba, saboda sa'an yayana ne, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma waya guda da kawuna ya buga masa ta isa ta sa ya bar barcinsa ya zo ya tsaya a filin jirgi da tsakar dare. Yaya nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a wannan labari. Ya karɓi jakata, ya yi ciniki da mai tasi da wani irin Larabci mai sauri wanda ban tsinci ko rabinsa ba, muka nufi Madinatu Nasr, muka zarce can ƙarshenta zuwa unguwar da ake kira Hayyul Ashir. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne a wannan dare shaguna a buɗe suke, masu shayi cike da mutane, har da mata da ƙananan yara a bakin titi suna sayayya.

Hayyul Ashir unguwa ce ta dogayen benaye masu kama da juna, kuma a nan ne ɗalibai baƙi da yawa ke zama saboda hayarta ta fi sauƙi. A layi ɗaya za ka haɗu da ɗan Sudan da ɗan Somaliya da ɗan Indonesiya da ɗan Maleshiya, ga mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana, waɗanda Hausa ta haɗa mu tun kafin mu san sunayen juna. Gidanmu yana hawa na biyar, mu shida ne a ɗaki uku, kuma yana da tsari wanda na tarar an daɗe ana binsa. Kowa yana zuba kasonsa na haya da na abinci a hannun ma'aji a farkon wata, an raba ranakun girki da shara, kuma an hana ɗaga murya bayan sallar isha domin masu hadda. Sabon zuwa ba ya biyan komai a watansa na farko. Shi ake ba katifar da ta fi kyau, a raka shi ya sayi layin waya, a nuna masa masallaci da gidan gurasa da kantin magani, a gabatar da shi ga mai gadin bene. Ana bin wannan bashi daga baya, domin duk ranar da aka ji wani zai sauka daga Kano ko Yamai, wanda aka tarba a baya-bayan nan shi ake tasa ya tafi filin jirgi. Ban san wanda ya kafa wannan tsari ba a gidan, amma na san ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma har yau ina yi wa waɗanda suka riƙe shi addu'a.

A daren farko an kwance jakata a tsakar falo, aka fitar da kuka da daddawa da yaji da kilishin da aka ɗoro mini, kowa ya karɓi saƙonsa, sauran aka kai kicin ya zama na gida. Abinci bai ba ni wahalar da na zata ba. Da safe gurasa ce da dafaffen waken da suke kira ful, wani lokaci da ta'amiyya, wato irin ƙosansu, mai zafi daga bakin layi. Da dare a tuƙa tuwon garin masara, kuma kasuwar unguwa ba ta rasa kuɓewa da lalo, wanda Masarawa ke ji da shi ƙwarai, ga zoɓo a kowane shagon kayan ƙamshi. Mai sayar da tukunyar gas yana zagayawa yana buga ƙarfe a jikin tukunya don a san ya iso, matan benaye kuma suna zuro kwando da igiya daga baranda a saka musu sayayya su janye. Cikin ɗan lokaci na koyi gane waɗannan sautuka na layinmu.

Harshe ne ya fi tsaya mini. Na zo da Larabcin da na koya a zauren malaminmu da makarantar Islamiyya, na nahawu da fiƙihu, kuma idan na yi magana ana fahimtata, har wasu su yi murmushin jin daɗi su ce mini "ya shaikh". Matsalar tana wajen amsa, domin Larabcin titi na Alƙahira yana haɗiye wasu haruffa, yana sauya wasu, kuma yana gudu. Yaya ya raka ni wurare a makonnin farko, sannan wata safiya ya miƙo mini kuɗin mota ya ce, "Daga yau kai kaɗai za ka riƙa fita. Idan ka ɓata ka tambayi dattijo ko mai shago, kada ka kira ni sai in dare ya yi." Na ce, "Yaya, ai ban gama gane hanya ba." Ya ce, "Na ga waɗanda suka shekara huɗu a unguwar nan ba su iya cinikin tumatir ba sai da ɗan rakiya. Ba na so ka zama cikinsu."

A lokacin na ji maganar ta yi mini nauyi, amma gaskiya ya faɗa. Zumuncin da ke tsakaninmu, wanda shi ne ya cece ni, shi ne kuma yake iya rufe mutum ruf: ya kwana cikin Hausawa, ya ci tuwo, ya yi hira da Hausa, ya yi sallah a bayan ɗan uwansa, har ya koma gida da takardar shaida alhali bai taɓa zama da Bamasare sun yi hirar awa guda ba. Ni a ganina wannan asara ce babba, domin iyayenmu ba su sayar da amfanin gona suka biya kuɗin jirgi don mu canja wurin kwana kawai ba. Saboda haka na fara shiga ƙananan motocin haya ni kaɗai, ina sauraron yadda fasinjoji ke miƙa kuɗi daga baya zuwa gaba, hannu da hannu, canji kuma ya dawo ta hanyar da ya bi ba tare da ko sisi ya ɓata ba. Na koyi jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, kuma a lokacin fam ɗaya kacal ake biya komai nisan tafiya. Babban malamina na Larabcin gari kuwa shi ne mai gadin benenmu, dattijo daga kudancin Masar, wanda nake zama kusa da shi bayan la'asar ina ce masa "Ammu", shi kuma yana ce mini "ya ibni", yana gyara mini magana ba tare da gajiya ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai ranaku masu ɗaci ba. Yakan faru yara, wani lokaci ma samari, su bi baƙar fata da kiraye-kirayen tsokana a kan launinsa, kuma duk wanda ya ce wannan ba ya taɓa zuciya bai ɗanɗana ba ne. Na kan dawo gida raina a ɓace, in rasa wanda zan gaya wa, tunda kowa a gidan ya sha irinsa. Amma a garin ne kuma wata tsohuwa ta tsawata wa wasu yara a kaina har suka watse, kuma a garin ne mai gidan gurasa ya riƙa ƙara mini ɗaya a kan abin da na biya, yana cewa ɗalibin ilimi baƙon Allah ne. Duka biyun na gani da idona, kuma ba zan yarda a ba da labarin ɗaya a bar ɗaya ba.

Neman iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ya ci sammako da jerin gwano da haƙuri, amma da yake waɗanda suka riga ni sun san kowace takarda da kowane hoto da ake buƙata, an gama lafiya.

Abin da ya girgiza gidanmu da gaske shi ne kuɗi. Tun a watan da na sauka ana fama da ƙarancin sukari a shaguna, sannan a ranar 3 ga Nuwamba, 2016, Babban Bankin Masar ya saki fam ya nemi darajarsa a kasuwa. Dala da ake canzawa a banki a kan fam 8.8 ta koma 13 a ranar, kafin ƙarshen shekara ta kai wajen 18, aka kuma ƙara kuɗin mai. Shinkafa da man girki da kuɗin mota duk suka tashi, masu gidaje suka fara maganar ƙarin haya. Mai dala a hannu ya samu sauƙi, amma mu kuɗinmu naira ce, ita ma a shekarar tana cikin nata halin, domin dala ta haura naira 450 a kasuwar bayan fage, bankunan gida kuma sun taƙaita cire kuɗi da kati a ƙasashen waje. Sai muka koma ga 'yan kasuwar Kano masu zuwa sarin jallabiya da abaya: iyaye su ba wakilin ɗan kasuwa naira a gida, shi kuma ya ba ɗalibi fam a Alƙahira, babu takarda, babu shaida, amana ce kawai. Ma'ajinmu ya rage nama zuwa ranar Juma'a, aka daina sayen madara, wasu daga cikinmu suka shiga aikin tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa asibiti daga Najeriya. Na ga yadda wannan aiki ya ɗauke hankalin wasu daga karatu, amma ba na zargin kowa, domin na san nauyin da ke kan wanda gida ba a iya aiko masa. Duk lokacin da na kira Inna ta tambaye ni, "Kana dai cin abinci ko?" sai in ce mata muna ci har mu bar saura, kuma albarkacin tukunyar haɗin gwiwa ban yi mata ƙarya ba.

A watan Disamba sanyi ya sauko, mai shiga ƙashi, a gidajen da aka gina don zafi, ƙasa duk tayil. Wani ɗan Zinder da ya kammala karatu zai koma gida ya bar mini bargonsa da rigar sanyinsa.

A cikin wannan sanyi ne na fara zuwa darasi a masallacin Azhar, wanda aka gama gina shi a shekarar 972. A lokacin ana aikin gyaransa, an killace wasu sassa, don haka karatu da yawa ya koma ƙananan masallatai da ɗakunan karatu da ke lungunan bayansa. Yaya ya gaya mini cewa a cikin rukunonin ɗalibai na masallacin akwai wanda aka sani da sunan mutanen Barno, kuma wani malamin garinmu, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi, ya zauna a wannan birni har ya rasu a 1741 a gidan Shaikh Hasan al-Jabarti. Jin haka ya rage mini baƙunta sosai, domin na gane cewa hanyar da na biyo a cikin 'yan awoyi, mutanenmu sun daɗe suna binta da ƙafa da raƙumi, kuma sun zauna a nan an san su da ilimi.

Daga nan muka shiga masallacin Shaikh Ahmad Dardir, malamin Malikiyya da ya rasu a 1786, wanda tun ina yaro nake jin sunansa a bakin malamanmu idan ana warware mas'ala. Na tarar da ɗalibai zaune a ƙasa sun kewaye malami, ɗaya yana karanta matani, malam yana tsayar da shi yana fassara da bayani, kamar dai zauren malaminmu a Katsina bayan sallar asuba. A nan Larabcin da na zo da shi ya yi mini aiki tsaf. Na fahimci darasin daga farko har ƙarshe, kuma da malam ya yi tambaya a kan sharuɗɗan alwala na ba da amsa, ya tambaye ni daga ina, na ce daga Najeriya, ya sa mini albarka ya ce in riƙa zama a gaba. Daga ranar na tsara makona a kan wannan darasi: in fito bayan asuba, in hau mota zuwa Darrasa, unguwar da ke kusa da masallacin, in ƙarasa da ƙafa, in dawo bayan azahar da gurasar gida a hannuna idan ranar girkina ce.

Duk wannan karatun masallaci ne, ba a ba da takarda a kansa. Shiga jami'a kuwa sai an zauna jarrabawar tantance matakin Larabci, wadda ke yanke wa ɗalibi baƙo ajin da zai fara, kuma ita ce ta fi tayar wa sababbin zuwa hankali a gidanmu. Yadda na shirya mata da abin da ya biyo baya shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.