Tarihin Rayuwata (17): Shekarar da uwargida ta yi kemo

Makon jiya na tsaya a inda likita ya ce sai an cire wa uwargida mama na hagu saboda ciwon daji. Wasu daga cikinku sun tambaye ni ina Yaya yake duk wannan lokaci. Yana nan, kuma shi ne ya fara cewa kada mu yarda. A zaure ya faɗa, gaban Inna: "Daji ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu." Ya ce yana da mai magani a bayan Funtuwa. Uwargida ce ta amsa masa da kanta, kanta a sunkuye: "Yaya, ka yi haƙuri, asibiti zan je." Tun daga ranar bai sake tako ƙofar gidanmu ba har aka gama allurai. Na yafe masa a gaban Ubangiji, amma abin da ya faru sai na rubuta shi yadda ya faru.

Bayan tiyata aka sa mu a kan kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa a jiki, a asibitin koyarwa na Shika, duk bayan mako uku. Kafin a ɗaura mata ruwan sai an ɗebi jini an duba. In ƙwayoyin jinin sun yi ƙasa, a ce ku koma gida sai mako mai zuwa, ga kuɗin mota kun riga kun kashe. Akwai wani magani ja da ake ɗura mata ta jijiya. Nas ta riga ta gaya mana fitsarinta zai yi ja, kada mu tsorata. Mun dai tsorata. Wajen mako biyu da allurar farko gashi ya fara biyo mataji. Da daddare ta miƙo mini reza ta ce, "Baban yara, ƙarasa shi." Ina aske mata kai, ita kuma tana rera waƙar Zumuntar Mata a hankali, wai don kada hannuna ya yi rawa. Abinci kuwa komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata. Kunun tsamiya kaɗai ke zama a cikinta, sai furar da Hajiya maƙwabciyarmu ke aiko wa kullum da rana ba tare da an roƙe ta ba.

A watannin nan maganar Baba ta dame ni. Yakan ce ba a jiran rumbu ya cika kafin a kai dami coci. A farin 1973, ina yaro, dawarmu ta ƙone a tsaye, abin da muka samu bai kai a ce girbi ba. Duk da haka Baba ya ɗaure dami ɗaya ya ɗora mini a kai ranar bikin godiya, Inna tana kuka a ɗaki. Shi da ya koyi karatu a Wusasa, Littafi Mai Tsarkinsa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, kuma wurin da Bulus ya ce wa Tasalonikawa su yi godiya cikin kowane hali har ya yi baƙi don yawan taɓawa. Yaya ma yana wurin ranar. Ya girme ni, ya fi ni sanin maganar.

Shi ya sa saƙonsa ya yi mini ciwo. Da bikin godiya ya zo, muna tsakiyar magani, mun sayar da shanun noma, babu likitan da ya ce mana za ta tashi. Uwargida ta ce za ta fita. Yaya ya aiko matarsa wai godiyar me, a bari ta warke tukuna, kada mutane su yi da mu. Ta ce a gaya masa ba ciniki take yi da Allah ba. Ta lissafa mini abin da take gode wa: an gano ciwon tana da sauran ƙarfi, Auta ta ci jarrabawa, matan Zumunta sun raba kwanaki a tsakaninsu, babu ranar da tukunyarmu ta kwana ba wuta.

Ta ɗaura ɗankwali a kan kan da babu gashi, ta ɗauki kwanon wake, ta shiga layi. Tafiyar da mata ke yi da rawa ita da ƙyar take ɗaga ƙafa, sai masu kiɗa suka rage sauri suka bi takunta har gaban bagadi. Ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar ba. Na so a ce Baba yana raye.

Washegari zazzaɓi ya rufe ta, muka kwana a asibiti, Yaya kuma ya samu abin faɗa. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda aka gasa mata wurin ciwon da na'ura, da yadda gonar fadama ta fita daga hannunmu.