Godiya bayan jinyar Baba, da labarin Tsohuwa

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an sallamo Baba ranar Talata, yanzu haka yana gida Agege yana shan kunun gyaɗa yana yi wa Inna mita wai ta hana shi suga, to kun ga jiki ya fara dawowa kenan. Kwana 23 muka yi a asibiti. Na so in bi kowa gida-gida amma wanda ya san Legas ya san in na ce zan yi haka sai wata ya mutu ban gama da Agege ba, balle Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Maƙwabcinmu Bayarabe mai danfo da muka buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, ya fito da singileti ya tada mota bai tambayi komai ba, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, Allah ya saka. 'Yan dakon kasuwarmu su shida da suka bar aiki ranar da motocin albasa suka sauka, ranar samu ke nan fa, suka zo suka ba da jini, biyu a cikinsu ko sunan Baba ba su sani ba. Malam Liman da jama'ar masallaci da aka yi karo-karo bayan Juma'a. Hajiya mai tuwo da kullum kula ke zuwa daga wajenta. Nas ɗin dare da ba ta jin Hausa amma ta koyi cewa sannu Baba. Wallahi ba ni da bakin gode muku.

Sai dai akwai mutum ɗaya da dole in tsaya a kansa.

Bayan tiyata likita ya ce aiki ya yi kyau, amma Baba ya juya fuska bango, ba ci ba magana, kwana biyar cur. Inna har ta fara kuka a ɓoye. Ranar na shida wani dattijo ya shigo da sanda da 'yar leda a hannu, mutumin Delta ne, Kirista, daga Ajegunle ya taso, wani mai gadi a Apapa ne ya ba shi labari. Ban taɓa ganinsa ba. Ya zauna bakin gado ya zaro hoto baƙi da fari duk gefensa ya cinye, ya kai wa Baba saitin ido. Baba ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Bosin, Tsohuwa ce." Maganarsa ta farko ke nan. Bosin shi ne shugaban leburorin saman jirgi, Tsohuwa kuma jirgin ne, wai su mutanen ruwa mace suke ɗaukar jirgi.

Mu 'ya'yansa abin da muka sani kawai Baba ya yi aikin jirgi. Ni a tunanina irin ferin nan ne na CMS zuwa Apapa. Ashe ban san komai ba.

A 1975 Baba ya sauka Ikko a jirgin ƙasa yana saurayi, da niyyar dakon gyaɗa a Apapa kamar yadda kawunnansa suka yi, sai ya tarar zamanin gyaɗa ya ja baya, zamanin siminti ake. Lokacin Gowon ne, kuɗin fetur ya shigo, aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 alhali tashar ba ta iya sauke abin da ya wuce kamar miliyan ɗaya a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi, wasu watanni, wasu kusan shekara, ana biyansu kuɗin jira kullum, wani simintin ma a cikin jirgi ya daskare. Baba ya ce da dare in ka tsaya a Bar Beach sai ka rantse wani gari ne aka gina a kan ruwa saboda fitilu. Wannan cunkoson ne ya sa aka yi gaggawar gina tashar jiragen ruwa ta Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Shi kuwa Baba kwale-kwale yake bi yana kai wa mutanen jiragen burodi da taba da lemo, har wata rana kyaftin ɗin wani jirgi, Bagirke, da ma'aikatansa suka gaji da jira wasu suka tafi, ya ce masa yana so ya yi aiki a ɗakin inji? A satin ne aka ɗauki Bosin shi ma.

Irin jirgin SD14 ake kiransa, kamfanin Austin & Pickersgill na garin Sunderland a Ingila ne ya fito da shi. Asalin abin, lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera wasu jiragen kaya da ake ce wa Liberty har guda 2,710, bayan yaƙi 'yan kasuwa musamman Girkawa suka saye su da yawa suna ta mora, zuwa shekarun 1960 duk sun tsufa, sai aka nemi madadinsu mai araha wanda ba shi da tarkace. Daga 1968 zuwa 1988 an ƙera guda 211. Kamar Fijo 504 ce ta ruwa, ba ado sai juriya, kuma kowane makaniki ya san kanta.

Yana ɗaukar tan kusan dubu 14. Baba ba ya lissafi da tan, da buhu yake yi, ya ce in ɗauki waya in buga, buhu 20 a tan, ya ba ni dubu 280. Na sake rabawa da buhu 600 na tirela, sai ga tirela sama da 460. Ni da nake ganin kaina babba in mota uku ta sauka min a sati! Rumbuna biyar gare shi, huɗu a gaban gidan kwana ɗaya a baya, kuma da sandunan ɗaga kaya da wincinsa a jikinsa, saboda haka ko tashar da ba ta da kiren zai shiga ya sauke abinsa. Inji Sulzer mai fistin biyar. Gudu kuwa kamar kilomita 26 a awa, Keke Napep ma sai ya wuce shi, illa dai shi ba ya tsayawa cin abinci ko barci, dare da rana har sati uku huɗu.

Aikin Baba zuba mai da goge inji, a can ƙasa inda ba ka ganin rana, zafi kamar gidan burodi, ƙara kuwa sai dai a yi magana da hannu. A nan na gane dalilin da kunnensa na hagu ba ya ji, da dalilin da in yana hira kamar faɗa yake, mu da muke yara muna ta jin haushi. Ya ce lokacin sallah sai ya hau sama ya tambayi mai riƙe da kamfas ina gabas, wani lokacin kafin ya sallame jirgi ya juya. Kuku yana dafa alade, shi kuma shinkafa da kifin gwangwani ya rayu a kai, kuma Bosin ne ya yi ta rigima har aka ware masa tukunyarsa daban. Wannan fa Baba bai taɓa faɗa mana ba, dattijon ma da aka tuna masa sai ya kaɗa hannu wai ba wani abu ba ne.

Sun ɗauko shinkafa daga Bankok, suga, takin zamani, sun kwashi koko da auduga da katako daga Apapa da Tema da Abijan zuwa Turai. Buhu-buhu ake saukewa da raga, jirgi sai ya yi sati biyu uku a tasha, ka shiga gari ka san masallacinsa. Kwantena ce ta kashe musu kasuwa, ita yau ta zo gobe ko jibi ta tafi. Daga nan aka fara sayar da Tsohuwa daga hannu zuwa hannu, a canza suna a canza tuta, yau Panama gobe Saifurus, amma Baba ya ce in rana ta haska gefen gaba kana iya karanta tsohon sunan a ƙarƙashin fenti don da walda aka rubuta shi. Albashi ya fara latti, in abu ya lalace sai dai a yi dabara. Shekara 11 ya yi ya sauka ya auri Inna. Bosin ya koma kamfanin jiragen gwamnati, wanda jiragensa ke da sunayen koguna, har aka rufe shi a 1995.

Ɗan Yayata mai karatu a Yaba shi ma sai na gode masa. Shi ya ce kowane babban jirgi yana da lamba mai alƙaluma bakwai da ba ta canzawa ko an canza suna sau nawa, ya kwana yana bincike a intanet da tsohon sunan har ya gano Tsohuwa a Alang ta ƙare, gaɓar nan ta Gujarat a Indiya inda ake jiran ruwa ya cika a kora jirgi da gudu ya hau yashi, sannan a bi shi da wutar gas ana yankawa. Na ji tsoron gaya wa Baba. Da ya ji sai ya ce ƙarfen fa, me suke yi da shi? Yaron ya ce rodi ake yi na gini. Baba ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkin, ya ce wa Bosin, "To ka ji, ta koma cikin siminti."

A ranar ya ci tuwo malmala ɗaya da rabi.

Baba Bosin, na san ba ka karanta Hausa amma jikarka ta ce za ta sa a fassara maka. Sau tara ka zo, mota uku kake hawa kafin ka iso, kuɗin motar ma ka ƙi karɓa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, goronka yana nan Baba ya sa an ajiye.

Masu son zuwa dubiya bayan la'asar ya fi, kuma don Allah a daina kawo lemon kwalba, likita ya hana. Sannan akwai wanda ya bar shuɗiyar kula da bargo mai ratsin ja a asibiti, suna wajen Inna.