Abin da ƙofar maƙwabciyata a Belgired ta koya min

Na zo Sabiya karatun likitanci ne, kuma kafin a bar ka ka taka aji sai ka yi watanni kana koyon yarensu. To wallahi yaren nan ba wasa ba, rubutu iri biyu gare su, na Sirilik da na boko irin namu, haruffa 30, sannan suna ɗaya yana iya juyawa kala bakwai gwargwadon inda ya faɗo a magana. Sai na ɗora wa kaina wata doka, wai ba zan yi magana da kowa ba sai bakina ya nuna. A aji ina cin jarabawa lafiya lau, a waje kuma shiru kamar an ɗaure min harshe.

Da na bar hostel na kama ɗaki a Novi Beograd, wata unguwa a Belgired babban birnin ƙasar, cikin dogayen benayen nan na siminti, akwai wata tsohuwa ƙofarmu na kallon juna, kullum mu haɗu a lifta in ce "dobar dan" in sunkuyar da kai. Wata ranar sanyi, iskar da suke kira koshava tana kaɗawa kamar za ta cire wa mutum kunne, kawai na ji ana buga ƙofa, ina buɗewa ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta tana ta zuba magana, ni dai "haide, haide" kaɗai na tsinta. Ta ajiye min silifas na cikin gida, ta kawo faranti da kofin ruwa da ƙaramin cokali da wani abu mai danƙo a tasa, slatko kenan, 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, cokali ɗaya ake ɗiba a kora da ruwa, da shi ake tarbar baƙo. Bayansa kofi mai kauri irin na Turkawa. Mun fi awa ɗaya a zaune, ta ciro hotunan jikokinta, na nuna mata Hajiyarmu a waya, ta dafa ƙirji ta ce "mayka", na gane uwa take nufi.

Daga ranar nake ce mata baka, wato kaka, ita kuma tana ce min "sine", ɗana kenan fa, amma haka tsofaffinsu ke kiran har 'ya mace in suna ji da ita. A kicin ɗinta na fara jin kalmomin da suka yi min kama da na gida, sat ga sa'a, sapun ga sabulu, ranar da na faɗa mata namu ta yi ta dariya tana maimaita "sabulu". Turkawa sun daɗe suna mulkin yankin, daga wurinsu kalmar sat ta zo, haka ma kalmar maƙwabci, komshiya.

Inda na fi shan wuya shi ne ƙin karɓar abu. Su in ka ce ka ƙoshi ƙara maka za a yi, ga rakiya, giyar da suke yi da 'ya'yan itace, ga naman alade a abinci da yawa. Da farko ƙarya nake, in ce cikina ke ciwo, sai ta tashi hankalinta ta dafa min shayin ganye, abin ya dame ni sosai. Ranar da na daure na haɗa kalmomina a karkace na ce ni Musulma ce, bana ci bana sha, kallona ta yi ta ce "dobro" shikenan. Bata sake miƙo min ba ko sau ɗaya.

Sai ga 19 ga Disamba, ranar slava ɗin gidansu, bikin waliyyin da kowane dangi ke riƙe da shi, nasu Nikola ne. Ranar tana faɗowa cikin azuminsu na kafin Kirsimeti, wanda su sai 7 ga Janairu suke yi, don haka ba nama ba madara ba ƙwai, kifi ne da wake da kabeji naɗe da shinkafa. Ta bi da ni tukunya tukunya tana buɗewa tana cewa "posno, posno", wato na azumi ne ba nama, tana so in ci hankali kwance. Lokacin addu'arsu na koma gefe, babu wanda ya ɗaga gira, da la'asar ta yi ita da kanta ta buɗe min ɗakin kwananta ta ja ƙofa.

Yanzu da muka fara shiga asibiti, yawancin marasa lafiyan tsofaffi ne, suna magana da sauri da karin ƙauye wanda babu shi a littafi. Wasu abokaina sai su daskare suna neman daidai jimla a ka. Ni dai ina jawo kujera in zauna, in ce su nuna min wurin da hannu, in maimaita abin da na ji ko da na karya nahawu, su gyara min mu ci gaba. Satin da ya wuce wani dattijo ya gyara min kalma ɗaya sau uku, a na ukun ne ya faɗa min ya daina shan maganin hawan jininsa tun bazara.