Asabar a Katsina: keke, waya da fim mai dogon zango

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, saboda ankon bikin da na karɓa ya taru mini, ga shi ranar Alhamis ne kamu. Hazo ya rufe gari, sanyi har cikin ƙashi. Na sallami yara suka tafi islamiyya, na ɗumama tuwon jiya muka karya ni da Inna, sannan na jawo keken ɗinki bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi. Babu wuta tun daren jiya, amma ɗan solar da Baban yara ya haɗa mana ya cika mini waya. Na jingina ta da gwangwanin maɓallai, na kunna sabon kashi na shirin da nake bi. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen da nake ganin girmansu a ciki.

A labarin, yarinyar marainiya ce, kuma wai da ɗinki take riƙe da ƙannenta. Abin da ya sa na fara binsa ke nan, na ce yau ga tamu an sako. To a kashin yau sai aka kawo kyamara daf da hannunta tana kan keke. Babu zare a allurar. Ƙarfen da ke danne ƙyalle yana sama, ba ta sauke shi ba, tana ta tura atamfa a ƙarƙashinsa tana hawaye. Ga farcen kanti zaƙo-zaƙo a yatsu goma, ga gashin ido, alhali an ce mana kwana ta yi tana aiki ba ta ci komai ba. Na tsayar, na mayar baya, na sake dubawa, sannan na miƙa wa Inna wayar.

Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ɗiya ko maɓalli ba ta taɓa sawa ba. Mi ya hana su kira tela ya nuna mata?"

Na ce, "Wallahi Inna, abin da ke cin raina ke nan."

Kuma da gaske yake cin raina. Wani zai ce zare ne kawai, ai labari ake bi. A wurina ba haka ba ne. Daga lokacin da na ga allurar nan babu zare, hawayen yarinyar ya daina taɓa ni, domin na gane waɗanda suka shirya fim ɗin ba su taɓa zama sun kalli mace tana ɗinki ba. Da sun zauna, da sun ga yadda ake lasar bakin zare kafin a zura, da yadda tela ke riƙe allurai a leɓe tana magana ta gefen baki, da tef a wuya, da allin da ke ɓata yatsu, da yadda ake miƙewa a dafa ƙugu bayan an daɗe a duƙe. Ko ɗaya daga cikin waɗannan suka nuna, ya isa in yarda da talaucinta. Teloli ba su yi wuya ba, kowace unguwa akwai su, kuma babu wadda za ta ƙi koya wa jaruma sauke ƙarfe da taka keke cikin yini guda.

Sauran kashin kuwa kusan babu komai a ciki. Mota ta shigo gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, Alhaji ya fito, ya hau bene, an bi shi taki ɗaya-ɗaya da kiɗa. Aka zauna a falo aka maimaita maganar da aka yi a makon jiya, sannan aka sake nuna mana makon jiyan da sunan tunani. Kamar dai an ƙara wa miya ruwa don baƙi sun yi yawa.

Wajen azahar ƙanena ya biyo da saƙon Goggo. Shi yana da shagon caji da tura finafinai a waya, don haka ya fi ni sanin cikin harkar. Na zazzage masa duk abin da ke raina. Ya ce, "Yaya, ki yi masu adalci. Da kaset ake sayarwa, daga baya aka koma faifai, 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ta Kano su sayi fim su raba shi ƙasa duka. Yanzu wa ke sayen faifai? Satar fasaha da irin sana'armu ta turawa sun kashe wannan kasuwar. Abin da ya rage masu YouTube ne, shi kuma da talla yake biya, gwargwadon yawan masu kallo da daɗewarsu a kai. In labari ya ƙare, kuɗi sun tsaya. Shi ya sa ba a so ya ƙare."

Na ji daɗin yadda ya faɗi gaskiya har da ta kansa. Na kuma yarda ba ƙaramin aiki ba ne a fitar da kashi kowane mako, a biya 'yan wasa, a yi hayar gida da mota, a sayi mai na janareto. Amma na ce masa mu ma da kuɗi muke kallo. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, sayen data ya zama abin da mace irina sai ta yi lissafi. Wadda ta cire daga kuɗin ɗinkin riga ta sayi data, bai kamata a biya ta da hawan bene ba.

Inna da ke gefe tana gyaran zogale ta tsoma baki. Ta ba mu labarin majigi, lokacin suna yara. Mota ce ke zuwa da almuru, a kafa farin ƙyalle a fili, gari duka ya fito da tabarmi. Ta ce abin da ta fi riƙewa shi ne Baban Larai, fim ɗin noma na zamanin Turawa, wanda aka yi don a koya wa mutane gyara gonar auduga. Ta ce duk da wa'azin gwamnati ne, in mutumin ya riƙe fartanya ka san ya saba riƙe ta. Ni kuma nawa tashin na kaset ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, shi ake ƙirgawa farkon fim ɗin Hausa na bidiyo, kuma a kan abin da ya biyo bayansa muka girma. Gida ɗaya ke da bidiyo a layinmu, mu cika tsakar gidan bayan isha'i. Hoton na rawa, murya na shaƙewa, amma ɗakunan irin namu ne, da jeren kwalla da gado mai rumfa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, Allah Ya jiƙansa, ko da abin dariya yake yi, direbansa direban tasha ne, mai shayinsa mai shayin bakin titi ne. Ya kalli mutane sosai kafin ya kwaikwaye su.

Ban ce komai na da ya fi na yanzu ba. Waƙa da rawar da aka aro daga Indiya sun yi yawa a wancan lokacin, har akwai finafinan da in ka cire waƙoƙin babu abin da zai saura. Yanzu hoto ya yi kyau, sauti ya fito, kuma akwai matasan 'yan wasa da suka iya kuka da dariya ba tare da ihu ba. Wannan ci gaba ne, ina kuma alfahari da shi.

Da la'asar zare ruwan goro ya ƙare mini, na hau Keke Napep zuwa kasuwa. A hanyar dawowa muka bi ta kusa da hasumiyar Gobarau, ta tsaya cikin hazo, yara na ƙwallo a gefe. Sai na riƙa tunanin yawan labaran da ke kwance a ƙasar nan ba a taɓa su ba. Ga Sarkin Katsina Muhammadu Korau. Ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ga Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Makka ya je Ingila a zamanin da tafiyar ta jirgin ruwa ce. Ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, ga rijiyar Kusugu a Daura da labarin Bayajida da Daurama, wanda duk ɗan firamare ya sani. Ko rayuwar Mamman Shata kaɗai, daga Musawa har zuwa rasuwarsa a 1999 da binne shi a Daura, ta isa zango biyar ba tare da an ƙara ruwa ba. Na san fim ɗin tarihi kuɗi yake ci, dawaki da kaya da jama'a. To a bar na sarakuna tukuna. A yi mana na matar da ke ƙuli-ƙuli, ko na ɗan kasuwar da ke bin hanyar Jibiya da fargaba a ransa, ko na iyalin da rashin tsaro ya taso daga ƙauye suka zo birni suna raɓe a kangon wani. Waɗannan muna ganinsu kullum, wasu ma 'yan'uwanmu ne.

Bayan magariba aka kawo wuta, yara suka yi ta murna, aka kunna talabijin. Muka tarar ana maimaita wani tsohon kashi na Daɗin Kowa a Arewa24. Tashar ta fara aiki a 2014, kuma a ganina wannan shirin na cikin abin kirki da ta kawo. Shi ma yana da nasa jan, amma gidan Kamaye da Adama gida ne da na sani: tabarma, buta, bokiti, rigimar kuɗin cefane. Inna ba ta sanin lokacin da take ba su amsa da baki. Baban yara, wanda ya ce shi ya bar kallon fim ɗin Hausa ya koma na tarihin Turkiyya da aka fassara, sai ga shi ya ajiye waya yana kallo tare da mu har aka gama.

Da aka shiga wani shirin na daban sai aka sako abin da ya fi ɓata mini rai a yinin nan, har ya fi zaren. Wani ɗan aike ne a gidan mai kuɗi, an sa masa hula a karkace da riga ta yi masa yawa, shi ne wawan gidan, kuma shi kaɗai aka ba harshen Katsina. Duk masu hankali da masu ilimi a fim ɗin Kananci suke yi. Ɗiyata ta fari ta yi dariya, sannan ta juyo ta ce, "Mama, ji yana magana irin ta Inna." Inna ba ta ce komai ba, ta ci gaba da jan carbinta. Na karɓi rimot na sauya tasha. Na gaya wa yarinyar cewa da wannan harshen malamai suka karantar a garin nan tun kafin a haifi kakan kakanta, kuma da shi kakarta ta yi renon ubanta. Na sha ganin ana yi wa Sakkwatanci haka, da Hausar mutanen Nijar. Ga 'yan jihar nan da yawa a cikin harkar, masu shiryawa da masu fitowa. Ina jiran ranar da ɗayansu zai fito da likita ko alƙali ko uwa mai dattako tana magana da harshen gida, ba don a yi dariya ba.

Kafin in kwanta na buɗe shirin safe na rubuta masu ra'ayina a ƙasa, da ladabi. Na yaba wa yarinyar, don tana da baiwa, na faɗi maganar zaren da ta hawan benen, na ce in suna son tela da za ta nuna mata aiki, a Katsina muna da yawa kuma ba sai an biya ba. Na kira ƙanena na ce ya turo mini tsofaffin kashin Daɗin Kowa a memori, su zan riƙa sawa har in gama ankon. Riguna huɗu suka rage da ɗankwalayensu, kuma uwar amarya ta ce gobe bayan azahar za ta aiko a karɓi na ƙawaye.